Kusurwata a Motar Suruki

Tun ina da sauran ƙuruciya aka san ni da sa ido. A unguwarmu ta Yola Gari, in tukunyar maƙwabciya ta fara tsagewa, daga ƙarar muciyarta nake ganewa kafin ita ta ga ɗigon ruwa a murhu. Ba na dariya a gaban jama'a, ba na cin abinci a gidan biki, kuma ba wadda ta isa ta wuce ƙofata da ɗankwali a karkace ban tanka ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan ce da ana ɗaukar mata aikin kwastan, da ko allura ba ta tsallako iyaka daga Garwa a ɓoye ba. Na daɗe ina jin daɗin wannan magana. Sai bayan ya rasu na zauna na juya ta, na ga ashe ba yabo ba ne.

Autata ta yi aure a Jimeta, a Demsawo, bayan an gama yaƙin basasa, zamanin da duk wani abu na gwamnati sai an dangana da Maiduguri. Mijinta mutumin kirki ne, iyayensa daga Barno suka zo. Yana da wata tsohuwar akori-kura, irin motar nan mai ɗakin direba a gaba da buɗaɗɗen baya, da ita yake ɗaukar kwandunan busasshen kifi daga bakin Binuwai zuwa kasuwanni. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce rigarsa ta ado. Kafin ya karya kumallo sai ya wanke ta.

Ni da shi kuwa surukai ne, kuma ni surukuta ta da na iya. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In ya zo gaishe ni yakan tuɓe takalmi tun daga zaure ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ni ina bayan asabari ina amsa wa bango. In akwai magana, 'yata ce ke ɗauka daga bakina ta kai masa, ko da tabarma ɗaya ce tsakaninmu. Matan zamani suka ce an daina wannan. Na ce su daina, ni ban gaji ba.

In na je duba yarinyar, ba ya yarda in koma gida a motar haya. Ranar farko ya buɗe mini ƙofar gaba, na yi kamar ban gani ba, na zagaya baya. Ni in zauna kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yata? Aka kawo turmi aka kifa, na taka na hau, domin ni ba ƙaramar mace ba ce, Allah ya yi mini jiki kuma ban raina ba. Sitiyarin motar a dama yake, an sayo ta tun kafin a koma tuƙin hannun dama, saboda haka na nemi wurin da ya fi ko'ina nisa da shi: can ƙarshen baya, kusurwar hagu, inda in an ƙara taki ɗaya sai titi. Nan na shimfiɗa buzuna na ba shi baya. Wurin ya zama nawa. Duk hanyar Jimeta zuwa Yola ta baya na san ta, ban taɓa ganin inda za mu ba, sai inda muka baro.

A wannan kusurwa na fara jin ƙarar. Ba ƙugin inji ba ce, ba kuma kwaramniyar kwano ba. Ƙara ce guda ɗaya, busasshiya, kamar in mai daka ta yi kuskure taɓarya ta sari leɓen turmi maimakon hatsi. Ƙwas. Sai shiru. In taya ta faɗa rami, sai ta sake. Kuma ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, har a mazaunina nake jin ta. Da rani jefi-jefi take yi. Da ruwa ya sauka hanya ta ɓaci, sai ta zama abokiyar tafiya.

Da don ni kaɗai ce, da na bar ta, tsohuwa ai ta ci nata. Amma yarinyar tana da ciki, na fari. A wurinmu haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta: in ciki ya tsufa a ɗauko yarinya goyon ciki, ta haihu a gidansu, uwa ta yi mata wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye har a yi arba'in. Na riga na share ɗaki, na sa an yaɓe gadon ƙasa, na sayi tukunyar wanka, na tanadi kanwar kunu. Abin da ya rage kawai a kawo mini 'yata. Kuma a cikin motar nan za a kawo ta.

Na kira ta ɗaki na ce, "Ki gaya wa mai motar nan akwai abin da ke bugawa a bayanta. Ba za ki hau ta da cikin nan ba sai an gano shi."

"Dada, wace irin ƙara ce?"

"Irin ta abin da ke shirin karyewa."

Ta je ta dawo. "Ya ce ya gode, Allah ya ƙara girma, zai kai wa bakanike."

Ya kai kuwa. Aka ɗaure salansa, wato bututun hayaƙi, aka ce ita ce ke lilo. Da na sake hawa, ko ƙofar kasuwa ba mu wuce ba na ji ƙwas. Na sake aikawa. Aka cire tayoyin baya aka sa wa boris giris, aka zuba wa aksul mai. Duk sunayen nan a bakin 'yata na koye su, ita ma a bakinsa. Na hau. Ƙwas.

Aike na gaba ya dawo da ƙaya a ciki. Yarinyar ta zauna tana murza bakin zaninta.

"Dada, ya ce shi da bakaniken sun zagaya Jimeta duka, da kaya da babu kaya, har hanyar bakin kogi mai ramuka sun bi, ba su ji komai ba. An ce ko... ko kunnenki ne."

"Shi ya faɗa?"

"A'a, yayarsa ce."

Wannan yaya tasa a layinsu take zaune, kuma tun ranar biki jininmu bai haɗu ba. Ita ce ta kawo shawara cewa tunda tsohuwa na tsoron mota, a bar yarinya ta haihu a Jimeta, ga asibiti kusa, ita za ta yi mata wanka. Na san wankan matar nan. Ruwan da take kira zafi, ko kaza ba zai fige ba.

Na ce to a ɗauko motar haya. Sai 'yata ta fashe da kuka. Ta ce in aka ga matar mai mota a motar haya, daidai yake da a yi shela a tasha cewa motarsa makara ce, wa zai sake ba shi kifinsa? Amsar da ya aiko cikin ladabi take, amma ba ta da ƙofa: ko dai a motarsa, ko ta zauna a ɗakinta.

Ga ni tsaka mai wuya. In na janye, na ɗora 'yata da abin da ke cikinta a kan ƙarfen da zuciyata ke gaya mini zai karye. In na kafe, jikana na fari daga autata ya faɗo a hannun mai ruwan ɗumi. Wata tara kuwa ya riga ya tsaya.

Mai sa ido in ya rasa abin gani, ƙirƙira yake yi. Na kwanta na tashi ina lissafi: me zai sa maza biyu masu kunne su ce ba su ji abin da tsohuwa ke ji ba? Sai dai in sun sani suna ɓoyewa. Direbobi mutane ne masu kwana a hanya, kuma iyaka ba nisa. Na yanke wa kaina hukunci cewa kwalabe ne ɗaure a ƙarƙashin motar, kwalaben abin da ba a faɗa. Wata rana da azahar ina gidan 'yata, surukina ya tafi masallaci, na ɗauki sanda na fita na durƙusa a bayan motar, na cusa kai ina tsokano. Na tsokano taɓo. Na tsokano tsumma. Na tsokano wata kaza da ke shan inuwa, ta fito ta kaina tana kururuwa. Ina ƙoƙarin ja da baya na ji murya a samana.

"Sannu da aiki, Dada. An koma kanikanci ne?"

Yayarsa ce, da kwano a kanta.

Na ce, "Ɗan kunnena ne ya faɗi."

Ta dubi kunnena na dama, ta dubi na hagu, duka biyun suna nan suna rawa. Ta ce, "Allah ya bayyana," ta wuce.

Bakaniken ne ya fid da ni. Ya ce da surukina shi ya gaji da neman abin da bai taɓa ji ba, a kawo masa mai jin. 'Yata ta kawo saƙon tana tsoron abin da zan ce. Na ce a kifa turmi.

Garejin a gindin wata darbejiya yake, kusa da kasuwar Jimeta, ga mai shayi a gefe, ga 'yan dako suna hutawa a kan kurarsu. Sai da na sauka na tuna na baro bakina a gida, domin yarinyar ba ta biyo mu ba, ni na hana ta hawa. Surukina ya koma can gefe ya fuskanci itaciya. Bakaniken gajeren mutum ne mai furfura, daga ƙasan kogi, Hausarsa irin ta Jimeta wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta.

"Dada, sannu da zuwa. Kai ne mai jin ƙara?"

"Ni ce."

"Yana yi in an taka birki?"

"A'a."

"Yana kuka kamar iska, yana ƙaruwa in mota ya yi gudu?"

"Ba kuka ba ne, bugu ne."

"In an karya kwana fa?"

Na yi tunani. "Wani lokaci. In an karya dama."

Ya gyaɗa kai kamar na faɗi abin kirki. Na fara jin kaina. Sai ya ce, "To yi mini shi."

"In yi me?"

"Yi ƙarar da bakinka, Dada. Ko asibiti sai ka nuna inda yake ciwo."

Ni da ko a gidan suna ba a taɓa jin guɗata ba. Na dubi hagu, na dubi dama, na ja mayafi na rufe rabin baki na ce, "Ƙwas."

"Ban ji ba."

"Ƙwas!"

Mai shayi ya ajiye butarsa. Wani ɗan dako ya tashi zaune ya ce, "Ƙwas ta ce ko ƙwal? In ƙwal ne shokozoba ce, na rantse." Wani ya ce ai ƙwas ɗin aksul daban yake, ya yi nasa. Kan ka ce kwabo gindin darbejiyar nan ya cika da ƙartin maza kowa na yin ƙwas, suna juyowa wurina in zaɓi wanda ya fi kama. Surukina yana can yana duban ɓawon itaciya kamar an rubuta masa wani abu a jiki.

Bakaniken ya ce magana ba za ta yi ba, a hau. Shi ya hau bayan motar ya kwanta ya manna kunne a daɓenta. Ni kuma ya ce in matso gaba in zauna a jikin ɗakin direba, daidai ɗan gilashin nan na baya, don in na ji ƙarar in ƙwanƙwasa a tsaya. Ban so ba, amma na ce tunda an zo neman magani a sha shi da ɗacinsa. Na zauna.

Muka bi hanyar bakin kogi. Rami na farko, shiru. Na biyu, shiru. Muka karya dama, muka karya hagu, muka hau tudu muka gangara, motar nan ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Bakaniken ya ɗago kai ya dube ni, irin duban da ake yi wa tsohuwar da ta fara magana ita kaɗai. Na ce a raina, ashe yayar nan gaskiyarta, kunnen ne ya fara tafiya, na tayar da hankalin gida biyu a kan kukan kaina.

Ina cikin wannan na ɗaga ido. Ga ƙeyar surukina ta cikin gilashi, tsakanina da ita bai fi tafin hannu ba, har zufar da ke gangarowa cikin wuyan rigarsa ina gani. Ban gama jin kunyar wannan ba, sai idonsa ya faɗo cikin nawa ta madubi. Ban yi shawara da kowa ba. Na dafa hannu biyu na ja jiki da baya da baya, na tsallake ƙafafun bakanike, sai kusurwata. Ina zama taya ta faɗa rami.

Ƙwas.

Bakaniken ya zabura kamar kunama ta harbe shi. Ya bugi rufin ɗakin direba ya ce, "Direba, juya, sake bin ramin nan!" Ya juyo gare ni. "Dada, koma gaba!"

Na ja jiki na koma. Aka bi ramin. Shiru.

"Dada, dawo baya!"

Na dawo. Ƙwas.

"Koma! Dawo! Tsaya a tsakiya! A'a, ƙara baya kaɗan!"

Haka aka yi ta zagaye da ni a kan rami guda, ina jan gindi gaba da baya kamar jaririn da ke koyon rarrafe, mayafina ya zame, buzuna ya naɗe, har masu tallar gefen hanya suka gane mu suka fara yi mana sannu da dawowa. Wata mai ƙosai ta ɗaga murya ta tambaya ko tsohuwar ba ta da lafiya ne.

Da muka koma gareji ya yi bayani, yana dariya yana share ido. Kwandon kifi ba nauyi gare shi ba, kuma a jikin ɗakin direba ake jera shi. Fasinja in ya hau, gaba yake matsawa don ya sami abin riƙewa. Duk Jimeta ba mai zama a wutsiyar mota, bayan taya, sai ni. Shi ya sa ba wanda ya taɓa ji.

"Yanzu Dada, hau ka zauna a wurinka, ni in shiga ƙarƙashi in duba."

Na ce, "Ni in zauna, namiji ya kwanta a ƙarƙashina? Ka nemi wata."

Ya roƙa, na ƙi. Ya juya ya ce, "Direba, surukinka ya ƙi fa." Surukina bai juyo daga itaciyarsa ba, ya ce a hankali, "Oga, a samo buhu."

Aka aro buhun dawa daga rumfar wani mai hatsi, 'yan dako suka ɗora shi a kusurwata. Bakaniken ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kaɗai a waje. Sai muryarsa ta fito.

"Bai kai Dada ba. Ƙaro!"

Aka ƙaro na biyu. Motar ta sunkuya.

"Yawwa! Yanzu Dada ya cika!"

Mai shayi ya ce, "Buhu biyu, tubarkalla." Wani ɗan dako ya ce shi ya san mai hatsin nan, buhunsa cike yake ba algus. Na tsaya ƙiƙam ina kallon sama. Shekara da shekaru ina auna mutane da ido, ranar nan aka auna ni da buhu a bakin kasuwa.

Bakaniken ya kankare taɓo da wuƙa, ya kira surukina ya leƙa ta gefe ɗaya, ni ma ya ce in leƙa ta ɗaya gefen. Sifirin ne, ƙarafan nan masu faɗi da aka jera ɗaya bisa ɗaya, su ne ke riƙe da jikin mota a kan tayoyi. Fallen sama, wanda shi ne ke maƙale da jikin motar, ya tsage kusa da maƙalinsa, taɓo ya rufe wurin. In ba nauyi sai tsagar ta haɗe bakinta, ko ka duba ba ka gani. In nauyi ya danna wutsiya sai ta buɗe, in taya ta faɗa rami ta buga. Abin da ya rage bai rabu ba ɗan kaɗan ne.

Ya ce, "In ya ƙarasa karyewa a cikin kwari, taya zai ja baya, mota ya juya da ku."

Surukina ya zauna a ƙasa, a kan baƙin mai, da farar rigarsa. Can ya ce, "Oga, ka gaya wa Dada na gode. Ka ce ta yafe mini."

Na ce, "Ka gaya masa ba komai."

Bakaniken ya dube shi, ya dube ni, ga mu kusa da juna har inuwarmu ta haɗu. Ya ce, "Kai, ku mutanen nan! To, na gaya muku."

Nan take na manta da buhu biyu. Kaina ya kumbura. Na fara shirya kalmomin da zan jefa wa yayarsa, ina zaɓen masu kaifi. Ban gama ba bakaniken ya ƙara magana. Ya ce sabon ƙarfen babu shi a Jimeta, sai an aiko daga Jos, kuma da damunar nan Allah kaɗai ya san ranar isowarsa. Zai ɗora wani ƙarfe ya ɗaure tsagar da noti, zai ɗauki tafiya ɗaya zuwa Yola in an bi a hankali, daga nan a ajiye motar. Amma da sharaɗi: kome za a ɗauka a matsar da shi gaba, bayan taya kuwa ko kaza kada ta zauna.

Na ce madalla, ban gane da ni ake ba.

Ranar ɗauko yarinya na zo tun da hantsi a motar haya. Na tarar an gama lodi. Itacen wankan jego wajibin miji ne, kuma surukina, don ya wanke kansa, ya sayo wanda zai ishi masu jego uku. An jera shi daga jikin ɗakin direba har daidai taya, an ɗora katifa da kwanuka da akwati a sama, an ɗaure da igiya. Wuri ɗaya ya rage a bayan motar, kusurwata, a share tas. Wata maƙwabciya har ta kifa mini turmi saboda sabo.

Na tsaya ina duban turmin. Tafiya ɗaya aka ce, ba dawowa a ɗauke ni. In koma a motar haya kuwa, in bar 'yata a kan ɗaurarren ƙarfe ba kunnena a wurin? Yayarsa tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Dada, tunda ba wuri, ai sai a bar ta nan. Na ma sayi tukunya."

Na zagaya gaba na buɗe ƙofar da kaina.

Na yi niyyar yarinyar ta shiga tsakiya ni in manne da ƙofa, ko ba komai akwai katanga. Ta gwada, sandar giya ta tokare mata ciki. Ta fito. Na yi bisimilla na shiga, na ja mayafi har haɓa, na tattara jikina iyakar yadda buhu biyu ke tattaruwa. Ya shigo ya zauna. Kafaɗarsa ta taɓa tawa. Na ji ya daina numfashi, ni ma na daina, ban san yadda muka kai bakin titi da rai ba.

Duk sanda zai sauya giya, sandar sai ta bugi gwiwata, sai ya ce wa gilashin gaba, "Gafara." Ni kuma in ce wa gilashin, "Ba komai." Hanyar ta ɓaci, giyar kuwa ba ta da iyaka. 'Yata ta juya fuska waje, amma ina jin cikinta yana girgiza a jikina don dariya. Na mintsine ta a cinya, abin ya ƙaru.

Ta ɗan tsagin mayafi na fara ganin hanyar ta gaba. Ashe haka take. Ashe ramuka ana hango su kafin a faɗa. Da muka gangaro kwarin da ke tsakanin Jimeta da Yola, inda ruwa ke kwanciya, na tuna akwai wani rami a hagu da ya sha gaisawa da ni, ga shi ruwa ya rufe shi. Bakina ya riga ni.

"Bi dama!"

"To, Dada."

Ya riga ya karya sitiyarin tun kafin in buɗe baki, kullum a hanyar yake. Maganata ta farko ke nan gare shi tunda ya auri 'yata, kuma ta banza ce.

Muka isa lafiya, ba ƙwas ko ɗaya. Matan unguwa, waɗanda na shekara ina gyara wa ɗankwali, suna zaune a ƙofar gida suna tsinkar zogale. Suka ga yarinyar ta fito. Suka ga na biyo ta, daga gaba, daga tsakiya. Sannu da zuwan da suka yi mini ta yi tsawo fiye da kima.

Ba a daɗe ba 'yata ta sauka, ta sami mace, a ɗakin da na share, a hannuna. Na yi mata wanka da ruwan da ya amsa sunansa, tana ihu ina ƙara wuta, itace kuwa har ya yi saura. Yayarsa ta zo barka, ta sa yatsa a tukunyar ta janye da sauri, wannan ya ishe ni.

Ƙarfen ya zo daga Jos bayan suna, aka sa, na koma kusurwata da buzuna, muka koma amsa wa bango kamar ba a yi ba. Sai dai a tashar Jimeta, in direba zai gwada sifirin, na ji an ce cewa yake a ɗora masa Dada guda, kuma kowa ya san buhu nawa ake nufi.

Saƙo ɗaya ne ban taɓa aika masa ba. Ranar da na zauna a gaba, tun daga Demsawo har gida, ina jin wata 'yar ƙara a wajen hancin motar, ƙis, ƙis, kamar ɓera a cikin ƙwarya. Na saurare ta da kyau, na tuna yadda aka gano ta baya, na hango kaina zaune a kan murfin inji ana zagaya kasuwa da ni. Na ce wannan kam kunnena ne.